Yadda Ake Gane Gahawar Blue Mountain ta Jamaika, a Adana Ta, a Dafa Ta a Ƙasarmu Mai Zafi

A Garwa da Marwa da Ngaundere da ke arewacin Kamaru, idan aka ce kafe, abin da yake zuwa wa yawancin mutane a rai shi ne garin gwangwani da mai shayi yake ɗebowa da cokali, ya zuba a kofi, ya bi shi da madara da sukari. A Injamena kuwa an fi sanin gahawar da ake tafasawa a buta da citta da kanumfari, a zuba a finjali a sha ana hira. Duka biyun suna da daɗinsu kuma suna da muhallinsu. Sai dai akwai wata gahawa da ba ta jure wa ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, ita ce wadda ake nomawa a duwatsun gabashin tsibirin Jamaika, ake sayar da ita da sunan Blue Mountain, wadda take cikin gahawa mafi tsada a duniya.

Na fara saninta ne ta hanyar da har yau take yi mini ciwo. Wani ƙanen mahaifina, wanda fatauci yake kai shi ƙasashen waje, ya kawo mana ƙunshi ɗaya na ƙwayarta a matsayin tsaraba, yana cewa kuɗin da ya biya ya isa ya sayi irin tamu ninki da yawa. Muka daka ta a turmin da ake daka yaji, muka tafasa ta da citta har ta yi baƙi ƙirin, muka cika ta da sukari. Da muka sha, babu abin da harshenmu ya ji sai citta da ɗaci, har Baffa ya yi shiru yana juya finjalinsa, yana ganin kamar an cuce shi a kasuwa. Gahawar ba ta da laifi, mu ne muka binne abin da aka saye ta dominsa. Wannan ne ya sa na nemi sanin asalinta da yadda ake bi da ita.

Daga ina ta fito

Itacen gahawa nau'in arabika asalinsa dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, daga nan aka noma shi a Yaman, inda tashar jiragen ruwa ta Mokha ta yi suna da cinikinsa. Turawan Holan suka kai irin tsibirin Jawa a ƙarshen ƙarni na 17, suka kuma raini wani dashe a lambun birnin Amsterdam, wanda daga cikinsa ne aka ba Sarkin Faransa Louis na 14 kyautar itace guda a 1714. Wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Gabriel de Clieu ya tsallaka teku da dashen wannan zuriya zuwa tsibirin Matinik a farkon shekarun 1720. A 1728 Sir Nicholas Lawes, wanda ya taɓa riƙe muƙamin gwamnan Jamaika a ƙarƙashin Ingila, ya shigo da irin tsibirin, aka fara dasa shi a yankin St Andrew, daga baya noman ya hau duwatsu. Wannan zuriya ita masana suke kira Typica, tana cikin tsofaffin irin arabika, itacenta dogo ne, ba ya yin 'ya'ya da yawa, kuma cututtuka suna saurin kama shi, amma ƙwayarsa tana da tsabtar ɗanɗano.

Bai kamata Ba'afirke ya karanta wannan tarihi ya tsallake waɗanda suka yi aikin ba. Bayin da aka kwaso daga Afirka su ne suka sare dajin, suka haƙa ramuka a gangaren duwatsu, suka tsinke 'ya'yan itacen. Bayan juyin juya halin Haiti da ya fara a 1791, Faransawa masu gonaki da suka gudu zuwa Jamaika sun ƙara bunƙasa noman da ƙwarewarsu. Da aka kammala 'yanta bayi a 1838, manyan gandaye da yawa suka durƙushe, noman ya koma hannun ƙananan manoma, kuma har yau su ne mafi yawan masu noma wannan gahawa. Ingancinta ya taɓa faɗuwa ƙwarai, abin da ya sa gwamnati ta kafa hukumar kula da gahawa a 1950, wadda aikinta ya koma ƙarƙashin hukumar JACRA a 2018. Wannan hukuma ce take da ikon cewa ga wadda ta cancanci sunan Blue Mountain, ga wadda ba ta cancanta ba.

Sunan na wuri ne

Abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, sunan Blue Mountain na wani yanki ne da doka ta shata iyakarsa. Duwatsun suna gabashin tsibirin, tsakanin birnin Kingston daga kudu da Port Antonio daga arewa, kuma ƙololuwarsu ta kai tsayin mita 2,256. Gahawar da take da haƙƙin sunan ita ce wadda aka noma a gundumomi huɗu, wato St Andrew da St Thomas da Portland da St Mary, a tsayin da ya kama daga kusan mita 910 zuwa 1,700. Wadda aka noma tsakanin mita 460 da 910 sunanta High Mountain, ta ƙasa da haka kuma tana da nata sunan dabam, duk da cewa duka a Jamaika suka fito. Sama da mita 1,700 daji ne da aka keɓe, ba a noma a cikinsa, kuma a 2015 hukumar UNESCO ta sanya wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya. Ke nan gonar ba ta da inda za ta faɗaɗa, sama an hana, ƙasa kuma sunan ya ƙare. Shi ya sa duk abin da yankin yake fitarwa bai kai ko kusa da kashi ɗaya cikin ɗari na gahawar duniya ba.

Wanda ya taɓa kwana a Ngaundere a lokacin damina, ya tashi da asuba ya ga hazo ya rufe tudu, iska mai sanyi tana ratsa riga, zai iya kwatanta yanayin waɗannan duwatsu, sai dai can gajimare yana sauka a kan gonaki kusan kullum, ruwan sama kuma yana da yawa ƙwarai. Arabika tana son sanyi madaidaici, wajen digiri 18 zuwa 22, tana son ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma gangaren duwatsun ya ba ta wannan. Hazon yana yi wa itacen inuwa, sanyin yana jinkirta nunar 'ya'yan, har takan ɗauki kusan wata goma daga fure zuwa tsinka. A wannan jinkiri ne ƙwayar take tara zaƙi, take yin tauri da nauyi. Duk manomin da ya san bambancin dawar da ta nuna a kan lokacinta da wadda fari ya gaggauta zai fahimci wannan ba tare da dogon bayani ba.

Gangaren yana da tsanani har babu injin da zai iya aiki a kansa, don haka da hannu ake tsinkar 'ya'yan, ɗaya bayan ɗaya, ana zaɓar waɗanda suka yi ja, ana barin ɗanyu sai an sake zagayowa. A masana'anta, irin ta Mavis Bank ko ta Wallenford, ana zuba su a ruwa a kwashe waɗanda suka taso sama domin ba su da ƙwaya mai kyau, a ɓare fatar, a wanke yauƙin da ke jikin ƙwayar, a shanya, a bar ta ta huta na makonni kafin a cire ɓawon ciki. Daga nan sai tacewa bisa girma da kuma tsince masu aibi da hannu. Mafi girman ƙwaya, mai faɗin kusan milimita 7, ita ce lamba ɗaya, sai lamba biyu da lamba uku, sannan akwai wata dunƙulalliya da ake samu idan ɗan itacen ya yi ƙwaya guda maimakon biyu, ana ware ta a sayar dabam. Haɗa wannan wahala da guguwar teku da takan afka wa tsibirin, kamar Gilbert ta 1988 da ta lalata gonaki masu yawa, da cutar tsatsar ganye da ta addabi yankin tun wajen 2012, sannan ka ƙara da cewa Japan ce take saye mafi yawan amfanin tun shekaru da dama, za ka ga inda tsadar ta samo asali.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Irin Blue Mountain ya yi tafiya zuwa ƙasashe da yawa, har da Kenya da Papuwa Niu Gini, kuma ya iso Kamaru. Tsohuwar arabikar da ake nomawa a tuddan yammacin ƙasar, wajen Dschang da Bafusam da Fumbot, manoma suna kiranta Jamaïque, kafin wani iri mai suna Java ya yaɗu daga baya. Wannan gahawa tamu tana da kyau, amma ba ta da haƙƙin sunan Blue Mountain na Jamaika, kuma ɗanɗanonta dabam ne, domin ƙasa da hazo da ruwa ba sa bin iri cikin buhu. Wanda yake tunanin dasa ta a Garwa, inda zafin watan Maris da Afrilu yake haura digiri 40, ya haƙura, domin itacen ba zai rayu ba. Tudun Adamawa, inda Ngaundere take, ya fi sanyi, sai dai raninsa yana da tsawo.

Kafin ka biya kuɗi

Da wuya ka same ta a kantunan arewa, yawanci sai dai ka yi saƙo ta hannun matafiyi ko ka saya ta intanet, kuma a nan ne ake yawan yaudarar mutane. Ka dubi ƙunshin da kyau, ka tabbatar an rubuta 100% Jamaica Blue Mountain, tare da tambarin shaidar hukuma. Idan ka ga kalmar Blend, gauraye ne, kuma mai yiwuwa ta Jamaikan da ke ciki kaɗan ce, sauran daga wasu ƙasashe. Idan ka ga Style, to kwaikwayo ne kawai, ƙila babu ko ƙwaya ɗaya ta tsibirin a ciki. Ɗanyar ƙwayar ana fitar da ita daga Jamaika a gangar katako mai cin kilo 70 ko 30 ko 15, saɓanin sauran ƙasashe da suke amfani da buhuna, kuma ɗan kasuwa na gaskiya yakan iya nuna takardar shaidar da ta biyo kayansa, ya faɗi sunan gona ko masana'antar da suka fito. Araha a wannan kaya alamar tambaya ce babba: idan farashinta ya yi kusa da na gahawar yau da kullum, ka bar ta.

Ka sayi ƙwaya, kada ka sayi gari, domin gari yana rasa ƙamshinsa cikin kwanaki kaɗan, balle wanda ya yi doguwar tafiya daga Duwala zuwa arewa cikin zafi. Ka nemi ranar da aka soya ta, ka zaɓi wadda ba ta wuce wata ɗaya ko biyu ba. Launin da ya dace da ita shi ne ruwan ƙasa madaidaici, kamar na cakulan, jikinta a bushe. Idan ta yi baƙi tana ƙyallin mai, an ƙona ta, kuma ƙauri ya riga ya shafe duk abin da duwatsun suka ba ta.

Wanda ya samu ɗanya, mai launin kore da ya karkata zuwa shuɗi, yana iya soya ta a gida, amma shawarata ita ce ya fara koyo da arabikar yamma har hannunsa ya faɗa. Ana soya ta ne kamar gyaɗa, a kasko mai kauri a kan garwashi madaidaici, kaɗan-kaɗan, ba tare da daina juyawa ba. Za ta koma rawaya tana warin ɗanyen haki, sannan ta yi ruwan ƙasa, sai ka ji ta fara ƙara ƙas-ƙas kamar gugguru. Bayan wannan ƙarar da minti ɗaya zuwa biyu ka sauke, ka juye a faifai, ka sheƙe dusar, ka yi ta fifita har ta huce. Kada ka jira ƙara ta biyu. Ka bar ta ta kwana uku kafin ka fara sha.

Ajiya

Maƙiyan gahawa su ne iska da zafi da laima da haske da wari, kuma ƙasarmu tana da su duka, kowanne da lokacinsa. Ka zuba ta a kwalba ko gwangwani mai murfi da yake rufuwa gam, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da murhu da taga. Ƙwayar tana shan wari kamar yadda auduga take shan ruwa, saboda haka kada ta kusanci daddawa ko yaji ko busasshen kifi, kada kuma a bar ta a ɗakin da ake turaren wuta. Ban ba da shawarar firji ba, musamman inda wuta take zuwa tana ɗaukewa, domin duk sanyin da zafi ya biyo bayansa yana haifar da raɓa a jikin ƙwayar. Ka sayi gwargwadon abin da za ka shanye cikin wata guda.

Dahuwa

Ruwa ne mafi yawan abin da ke cikin finjali, don haka da shi za ka fara. Ruwan rijiya mai zartsi yana kashe ɗanɗanon, na famfo mai warin magani kuma sai an bar shi ya kwana a randa mai tsabta. Idan kana shakka, ka yi amfani da ruwan gora. Ma'aunin da aka fi yarda da shi shi ne giram 60 na gahawa ga lita ɗaya ta ruwa, wato giram 15 ga kofi guda mai cin rubu'in lita, kwatankwacin cokalin cin abinci uku a shafe.

Ka niƙa ta a lokacin da za ka dafa, ba kafin nan ba. Idan babu injin niƙa na hannu, ƙaramin turmi ya wadatar, da sharaɗin a keɓe shi ga gahawa kaɗai, wanda bai taɓa ganin barkono ko kimba ba. Kada ka mai da ita gari laushi kamar na tuwo, ka tsaya a kan girman tsakin masara ƙanana, ka ɗan tankaɗe a rariya ka zubar da ƙurar, domin ita ce take kawo ɗaci da bauri.

Babban kuskuren da ya kamata a guje wa shi ne tafasa gahawar tare da ruwa. Ana son ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96. A Garwa ko Marwa ko Injamena, inda ƙasa ba ta da tsayi, ka tafasa ruwan, ka sauke, ka jira kusan minti guda. A Ngaundere kuwa, saboda tsayin garin ya haura mita 1,000, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, saboda haka kana iya zubawa da zarar ka sauke. Ka ɗauraye butar da za ka jiƙa gahawar a ciki da ruwan zafi, ka zuba garin, ka ɗiga ruwa kaɗan wanda zai jiƙa shi kawai. Idan gahawar sabuwa ce za ka ga ta kumbura tana kumfa a hankali kamar ƙullin da ya tashi, ƙamshi ya cika ɗakin, kuma wannan ne lokacin da na fi so a duk aikin. Bayan daƙiƙa 30 ka cika sauran ruwan, ka juya sau ɗaya, ka rufe, ka bar ta minti huɗu. Daga nan ka tace da farin ƙyallen auduga wanda aka tafasa shi a ruwa zalla, ba wanda aka wanke da sabulu mai turare ba, ka juye ta duka a lokaci guda domin kada ta ci gaba da jiƙa a kan tuƙar. Mai tulun gilashi irin na Faransa mai matsewa, ko mai takardar tacewa, zai bi wannan ma'auni ɗin, sai dai na takarda yana buƙatar niƙa da ta ɗan fi laushi, kamar ƙwayar sukari.

Abin da za ka ji a harshe

Finjalin farko ka sha shi zalla, babu sukari, babu madara, babu citta, kuma kada ka sha bayan ka ci goro ko abinci mai yaji. Ka bari ta ɗan huce, domin zafi mai tsanani yana rufe ɗanɗano. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne ƙarancin ɗaci. Za ka ji santsi a baki, da garɗi irin na gyaɗar da aka soya daidai, da wani zaƙi na ɓoye da yake kama da cakulan, da ɗan tsami mai laushi kamar na lemon zaƙi, wanda bai kai na tsamiya ba, sannan ƙamshin fure ya biyo baya ta hanci. Idan ka haɗiye, bakinka zai zauna da tsabta, babu bauri. Idan ta yi maka tsami da yawa kuma ta yi salam, niƙar ta yi girma ko ruwan bai yi zafi ba. Idan ta yi ɗaci, niƙar ta yi laushi ko ta daɗe a ruwa. Ka gyara abu ɗaya a kowane karo har ka dace.

Dole in faɗi gaskiya cewa ba kowa za ta burge ba. Wanda ya saba da robusta, wani nau'in gahawa dabam da arabika, irin ta garin Nkongsamba, wadda sinadarin kafeyin da ke cikinta, wato irin wanda ke cikin goro, ya kusan ninka na arabika, zai iya cewa wannan ba ta da ƙarfi. Wanda kuma yake neman ƙamshi mai tashi sosai zai fi samunsa a gahawar Habasha, a farashi mai sauƙi. Darajar Blue Mountain tana cikin daidaito ne, babu ɗanɗanon da ya danne wani, kuma wannan sai mai sha a natse yake gane shi. A ganina wani kaso na kuɗinta na ƙaranci ne da suna, amma abin da ya rage bayan an cire wannan na gaske ne, kuma ya cancanci a ɗanɗana.

Idan kana son ka horar da harshenka, ka yi saƙon arabikar yamma daga Bafusam, inda ƙungiyar manoma ta UCCAO take da mazauni, ka dafa ta da ta Jamaika a rana ɗaya, da ruwa ɗaya da ma'auni ɗaya, ka jera finjali biyu a gabanka. Ka kurɓi wannan, ka kurkure baki da ruwa, ka kurɓi wancan, sannan ka sake maimaitawa bayan minti biyar, lokacin da dukansu suka huce, domin a nan ne bambancin yake fitowa fili. Haka na yi wa Baffa da ya sake kawo wani ƙunshin, bayan sallar asuba a cikin sanyin hunturu, kuma a kurɓa ta biyu ya ɗaga finjalin hagu ya ce, "Ɗana, wannan ce ta tsibirin."